Layar Baba da Na Kai Kumasi

Jandarman da ya zazzage jakata a kan iyaka a Malanbil bai damu da takarduna ba. Abin da ya tsayar da shi wani ƙunshi ne na fata, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, kaurinsa kamar sandar sabulun wanki, amma da nauyin da ya fi kamanninsa. An yi masa ɗinkin jan zare layi uku a jiki. Ya jinjina shi, ya tambaye ni mene ne. Na ce laya ce. Ya ce in buɗe. Na ce in yana da ƙarfin hali ya buɗe da hannunsa, ni dai ubana ya koma ga Allah bai taɓa buɗe ta a gabana ba. Ya dube ni, ya dubi jan zaren, sannan ya mayar da ita cikin jakar da hannu biyu, ya ce in wuce.

Sunana Arzika, mai walda ne ni, ɗan mai walda. Babanmu mutumin wani ƙauye ne kusa da Illela. Ya koyi sana'ar a Malbaza wajen masu gyaran motocin siminti, sannan ya sauko Konni ya buɗe rumfarsa. Injin da yake aiki da shi da hannunsa ya naɗa: falle-fallen ƙarfe da aka jera kamar taga, naɗin wayar tagulla siririya a gefe guda, naɗin mai kauri a ɗaya gefen, da rami a tsakaninsu wanda iska ke bi. Saboda rurinsa ake ce masa Bajimi. In aka kawo amalanken jaki daga Bazaga ƙarfensa ya karye, Bajimi zai haɗe shi ya fi sabo.

Ina shekara goma sha ɗaya Baba ya rasu, babu wata doguwar jinya. Yayana Tankari, wanda bai fi shekara guda da barin lakwal, wato makarantar boko, ya shiga rumfar ba, shi ya gaji aikin, ni kuma na koya a hannunsa. Muna nan sai zamani ya juya mana. Mutane suka koma son ƙofofi da tagogi na tol, wannan siririn kwanon da ba ya son wuta da yawa. Bajimi kuwa wuta ɗaya ya sani. Kana ɗora masa baget, wato sandar walda, a kan tol sai ka ga ƙasa ta cikin ƙofar. Masu aiki suka gudu wajen samarin da ke da ƴan injinan kanti masu kama da rediyo, waɗanda ake murɗa musu kunne wutar ta ragu.

Rannan Yaya Tankari ya ce mini, “Arzika, injin ga ba shi ci da mu. Tagullar da ke cikinai ta hi shi anfani. In saida ta, in sawo ƙarami.”

Ba zan ce ba shi da gaskiya ba, yana da mata da ƴaƴa huɗu ga Inna. Amma ni duk abin da na tuna na Baba a jikin injin nan yake. Kuma akwai abin da ke cin raina: mai injin rediyo yana rage wutarsa, me zai hana a rage ta Bajimi? Na roƙe shi ya bari in tafi cin rani, in duba yadda mutanen bakin teku ke yi. Ya ce ya ba ni zuwa babbar Salla. Inna ce ta ciro layar daga cikin kwallarta. Tun ina yaro nake ganinta rataye a ƙusa gefen injin, da Baba ya rasu ta ɗauke ta ɓoye. Ta ce, “Riƙe ta da kyau. Babanku shekara ashirin yana wasa da wuta, ba ta taɓa kada shi ba.”

A Kwatano na fara sauka. Garin ya ba ni mamaki ta fuskar da ban zata ba: ƙarfe a can rubewa yake yi. Ƙofar da a Konni za ta ga jikoki, a can iskar teku ta cinye ta cikin ƴan shekaru, don haka mai walda ba ya zama. Na samu aiki a rumfar wani mutum da ke jin Hausa, ana ce masa Sabi, wanda tun ranar farko ya kira ni ɗan'uwa. Ni kuwa a lokacin duk wanda ya ce mini sannu da Hausa sai in ji kamar ya ba ni fura. Na kwashe labarin Bajimi kaf na faɗa masa.

Sabi ya yi dariya ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ya shiga ciki ya fito da wani akwatin ƙarfe mai fentin toka, da abin murɗawa a gaba da lambobi ɗaya zuwa biyar. Ya ce daga jirgin ruwan Turawa ya fito, in na jona shi a injin sai abin da na ce. Ya ce in yi masa aikin wata biyu, akwatin ya zama nawa. Na ce a gwada. Ya ce ba a gwada shi a kan wutar unguwar nan, ba ta da tsabta. Yanzu in na tuna wuta marar tsabta sai in rasa inda zan sa kaina, amma a ranar gyaɗa kai na yi kamar wanda ya fahimta.

Wata biyu na yi ina ƙona idona a kan ƙofofin Sabi, ina kwana a kan kwali bayan rumfar, jakar a ƙarƙashin kaina. Da na karɓi akwatin ban iya haƙuri ba. Na kai shi wajen wani mai walda a wata unguwa, na roƙe shi mu jona. Baget bai gama taɓa ƙarfe ba akwatin ya yi tari, ya fitar da hayaƙi mai warin roba. Muka kwance shi. Makunnin fanka ne a ciki, irin na bango, sai rabin bulo da aka ɗaure da waya don ya yi nauyi. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, daga baya ya ga fuskata ya sayo mini gasasshiyar masara. Ban koma wajen Sabi ba. Na ji kunya fiye da fushi, kuma kunyar ce ta sa na hau motar Lome.

A Lome babu mai jin Hausa a inda na faɗa, faransancina kuwa na aji huɗu ne, ya fi ƙarfi wajen gaisuwa. Kwana shida ina yawo kafin wani mai suna Kosi ya ɗauke ni, shi ma don ya ga tabon ƙuna a hannuwana ne. A can kewar gida ta kama ni sosai. Abincinsu ba laifi, amma makogwarona gero yake nema. Wata tsohuwa mai sayar da koko a bakin layin ta lura kullum ina shinshina kofin kafin in sha. Ba ta tambaye ni komai ba. Bayan kwana biyu ta miƙo mini wani kofi dabam daga ƙarƙashin teburinta, kokon gero ne da citta. Na sha a tsaye, na juya mata baya don kada ta ga idona. Har na bar garin ban san sunanta ba, Mama kawai nake ce mata.

Wajen Kosi na ga dabarar farko ta gaskiya. Injinsa shi ma naɗin hannu ne, amma wayar da ke kawo masa wuta ba ta shiga kai tsaye. An yanke ta, an ɗaura wa kowane baki guntun ƙarfe, an tsoma su cikin bokitin roba mai ruwan gishiri. In ya nisanta ƙarafan biyu wutar ta ragu, in ya matso da su ta ƙaru. Na tsuguna gaban bokitin nan kamar mai kallon kifi. Ruwa da wuta da aka ce mana ba sa haɗuwa, ga su suna aiki tare. Na yi ta tambaya da hannu da baki: gishiri nawa, me ya sa ruwan ke zafi, ina wutar da aka rage take zuwa? Kosi ya nuna tururin da ke tashi ya ce can take tafiya. Wato ba a rage ta ba ne, an ba ta wani aikin ne, dafa ruwa.

Na kira Yaya a waya na kwatanta masa, na ce ya gwada a kan Bajimi. Abin da ban faɗa masa ba shi ne ranar da ƙafata ta taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasar gefen bokitin, na tsinci kaina zaune cikin tarin ƙarafa ina jin ɗanɗanon ƙusa a bakina. A raina na ce layar Baba ce ta sa abin ya tsaya nan.

Bayan mako guda ya kira ni da kansa, abin da ba ya yi. Bai ko gama gaisuwa ba.

“Bokitinka ya kashe akuyar Malam Na-Allah.”

“Wace akuya kuma, Yaya?”

“Mai ciki. Gishiri taj ji, tas sa baki. Kai ka manta rumfarmu bakin hanyar dabbobi take? Da ɗiyan mutane na fa? Arzika, na gaji. Bayan Salla da kwana biyu mai sayen tagulla na zuwa. Ka nemi abin kanka ka bar batun injin ga.”

Laifina ne, don ni ne na aika masa da dabarar bokitin. Na zauna a bakin kwata na daɗe. Kosi ne ya ce in dai naɗin inji nake son sani, ba a Lome zan same shi ba, in tafi Kumasi, unguwar maƙera, in nemi tsofaffi.

Unguwar nan ta Kumasi ban taɓa ganin irinta ba. Gari ne guda na guduma, tun safe har yamma ba ka jin kiran sunanka. Na sauka a zango wajen Hausawa, ɗaki ɗaya mu bakwai, shi ya sa kullum nake fita da jakata. Aka nuna mini wani tsoho mai naɗin injinan walda, Masta Kwabena. Ya tashi kusa da zango, yana jin Hausa, sai dai a Hausarsa babu mace, har matarsa shi ce. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce, “Kowa yana zo da tambaya. Zauna, kwance wannan.” Ya turo mini wani inji da ya ƙone.

Mako uku ina kwance ƙonanniyar waya ina ƙirga zagaye. Ya ce wanda bai san yadda aka naɗa ba, ba a faɗa masa yadda ake ragewa. Na koyi abubuwa da yawa ba tare da na nema ba. Na gane cewa wayoyin nan biyu ba sa taɓa juna ko kaɗan, ƙarfen tsakiya ne ke ɗauko ƙarfi daga siririyar ya kai wa mai kaurin. Shekara goma sha biyar ina aiki da Bajimi ban san haka ba, na ɗauka a ciki akwai inda suka haɗu. Amma kwanaki na tafiya, raguna sun fara cika bakin titin zango, tsohon kuwa ko a jikinsa.

Wata safiya na ajiye jakata a kan teburinsa don in ɗaure takalmi. Yana da wani mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika da yake tsince ƙusoshi da shi. Sai ji na yi ƙwas, mayen ya ja jiki ya manne a gindin jakar. Masta ya ɗago kai.

“Me kana ɓoye ciki?”

“Laya ce, Masta. Ta mahaifina.”

“Laya yana kama maye? Kawo shi.”

Na yi jinkiri, don Inna ba ta ce a riƙa miƙa wa mutane ba. Amma ni ma tambayar ta riga ta shige ni. Takarda ake naɗewa cikin laya, takarda kuwa ba ta jan mayen ƙarfe. Na ciro na ba shi. Bai nemi buɗewa ba. Ya bi gefenta da babban yatsa a hankali, ya shinshina ta, ya duba inda fatar ta yi baƙi ta yi santsi a gefe biyu. Ya tambaye ni faɗin ramin da ke tsakanin naɗin Bajimi. Na gwada masa da yatsuna. Ya ɗora layar a tsakanin yatsun nawa, ta zauna daidai.

Sannan ya ja ni bayan rumfa wajen injin da shi kansa yake aiki da shi, ya cire murfin katakon da ban taɓa ganin an cire ba. A cikin ramin tsakiya akwai wani dami na falle-fallen ƙarfe naɗe da kwali. Ya kunna, ya ce in kama baget. Ya zaro damin waje, wutar ta huda tol nan take. Ya tura shi ciki rabi, ta yi laushi. Ya tura shi duka, ta koma kamar ta fitila, har ina iya ɗinke bakin gwangwani da ita. Ya ce ƙarfin da ke tafiya daga wannan naɗi zuwa wancan, in ya samu gajeriyar hanya a tsakiya sai wani ya bi ta nan ya koma, kaɗan ya isa. Nan take na gane, don haka muke yi a lambunan Konni: in ruwa ya yi wa fangali yawa ba a toshe babbar hanya, ƴar ƙarama ake buɗe masa a gefe. Kuma babu abin da ke tafasa, babu abin da akuya za ta sha.

“Babanka ya naɗe nasa da fata don kar ya kankare waya,” in ji Masta. “Wannan zare uku, awo ne. Na fari babban ƙarfe, na biyu bututu, na uku tol. Babanka ya san aiki. Ku ne ba ku tambaye shi ba.”

Na zauna a ƙasa na warware ɗinkin kusurwa ɗaya da bakin wuƙa. Ga su nan, bakunan falle-fallen ƙarfe a jere, an goge kowanne da zarto don kada ya yi kaifi. Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, a gaban tsohon mutane da rana tsaka. Ƙasa uku na ratsa ina tambayar baƙi, na yi wa Sabi bauta a kan rabin bulo, na kashe akuya daga nesa, amsar kuwa ita nake matashi da ita. Amma ba wautata ce ta sa ni kuka ba. Aikin zarton nan ne. Shekara goma sha shida rabona da ganin sabon abu daga hannun Baba.

Saura kwana takwas Salla. Na kira Yaya, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, “Wancan karon bokiti, yanzu laya. Allah shi ba ka lahiya.” Ya kashe. Masta ya sallame ni da burodi biyu da guntun kwali, ya ce in damin ya yi rawa a ciki in cusa masa. Hanya ta ci mini kwana tara, mota ta lalace sau biyu, na yi Sallata a wata tasha da shinkafar da wani direba ya raba mu da ita.

Na iso Konni washegarin Salla da hantsi. Na tarar an riga an kwance Bajimi daga mazauninsa, an jingine shi a bakin rumfa, an share masa ƙura kamar ragon da za a kai kasuwa. Yaya ya dubi ramata, ya taya ni muka mayar da shi. Sai kuma babu wuta. Muka zauna muna kallon juna har bayan la'asar, yana ba ni labarin damina, ina amsawa ban san me nake cewa ba.

Da wutar ta dawo na yi bisimilla na tura layar cikin ramin. Ta shige kamar takobi a kubensa, baƙin da ke jikin fatar ya dace da wani baƙi a jikin injin da na sha gani ban kula ba. Na kai ta zare na uku. Rurin Bajimi ya sauya, ya koma gurnani. Na miƙa wa Yaya baget da guntayen tol biyu, na ce shi zai yi. Ya sauke gilashin walda ya ja layi ɗaya. Ya ɗaga ya duba ta hasken rana, babu huda ko ɗaya. Ya sake jan wani. Ya daɗe yana juya tol ɗin a hannunsa.

“Na taɓa ganin ya sa ta ciki,” ya ce a hankali. “Ranar da anka kawo mishi tukunyar mai tuwo. Ni cewa nike tsari yaka yi ma injin.”

Ya ciro waya ya kira mai sayen tagulla, ya ce kada ya wahalar da kansa gobe.

Inna ce ta rage. Na so a bar ta da abin da ta sani, amma ƴaƴan Yaya sun riga mu isa gida da labari. Da magariba ta matso, Inna ta sa mayafi ta zo rumfar da kanta, inda rabonta da shi tun rasuwar Baba. Ta tsaya gaban injin tana kallon wutsiyar fatar da ta leƙo waje. Ta sa yatsa ta taɓa jan zaren.

“Ni nay yi ɗunkin ga,” ta ce. “Ya ce in yi mishi layi ukku, ya gwada min wurin. Ban tambaye shi ba.” Ta juyo ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta tsaya a kan ƙasusuwan wuyana. “Ashe ƙarfe na. Wata tara ina kwana lahiya don na san tana cikin jakarka. Da na sani, wallahi da ba ka taka ko tasha ba.”

Na ce, “Inna, ai ga ni na dawo.”

Ta zaro layar daga cikin injin, ta goge ta da bakin mayafinta, ta lalubi tsohuwar ƙusar da ke jikin ginshiƙi ta rataye ta. Ta ce in mun gama aiki kullum nan za a riƙa mayar da ita, haka mai ita yake yi.